Ƙofar da Na Buɗe a Dutsen Lauz

Ranar farko: Makka zuwa Madina

Mun bar unguwarmu Mansur ƙarfe huɗu da rabi, kafin kiran asuba. Ni a sitiyari, Baba Hamza a gefena cikin bargo. Motar tasa ce, tsohuwar motar tsere ja mai kujera biyu, tayoyin baya ke tura ta. Haifaffen Makka ne, kakansa ya zo daga Sakkwato a ƙafa. Idanunsa na mutuwa. Ya ce kafin su rufe yana so ya ga dusar ƙanƙara a dutsen Lauz, bayan Tabuk, kuma a cikin motarsa. Matarsa Hajiya ta rako mu bakin ƙofa, ta ce amana ta ba ni. Na ce to.

A shingen farko jami'i ya karɓi iƙamata, takardar izinin zama, ya duba, ya miƙo. Shekara ashirin da biyu na yi a garin nan ba takarda. A lokacin, da na hango shinge sai in buɗe ƙofa in dire mota na tafiya. Baba Hamza ne ya tsaya mini har na samu iƙama. Da muka wuce shingen ya lalubo hannuna, ya ce, "Sule, na san ɗayan na kan ƙofa. Saki. Yanzu kai mai takarda ne."

Mun shiga Madina goma da rabi, kilomita ɗari huɗu da hamsin. Muka kwana gidan ɗan ƙanwarsa.

Rana ta biyu: Madina zuwa Tabuk

Kusan kilomita ɗari bakwai, awa tara. Mun karya da wake da gurasa, riyal goma. A Tabuk muka kama ɗaki riyal ɗari da hamsin. Mai kula da ɗakunan ya zagaya motar, ya ce bayanta ba nauyi, in sa buhun yashi a but kafin mu hau dutse. Na ce masa shekara talatin ina tuƙi cikin rairayi, ba a koya mini.

Rana ta uku: Dutsen Lauz

Mun tashi bayan sallar asuba. Ƙarfe tara titi ya fara fari. Baba ya manna fuska a gilashi.

"Sule, fari nake gani. Dusar ce, ko idon ne?"

"Dusar ce, Baba."

A wata kwana mai hawa bayan motar ya goce. Na yi abin da nake yi a rairayi, na danna totur. Ta juya gaba ɗaya, ta fara zamewa gefen da babu komai sai rami. Birki bai ce komai ba.

Abin da na sani kawai, na ga kaina durƙushe a dusa, ƙofata a buɗe, motar na tafiya da tsoho shi kaɗai. Ta yi kamar taku goma, ta zauna cikin tarin dusa a jikin wani dutse. Ban tashi nan da nan ba. Ƙafata lafiya lau, kunya ce.

Wani makiyayi Balarabe ya zo da a-kori-kura, ya ja mu da igiya. Ya ɗora buhu biyu na abincin tumaki a but, ya ce giya ta biyu, ƙafa a hankali. Ya kalli gurbin gwiwoyina a dusa, ya kalli inda motar ta tsaya, ya kau da kai. Ya ƙi karɓar komai.

Baba ya fito. Ya damƙi dusar, ya kai ta dab da ido, ya daɗe yana kallo. Minti arba'in muka yi. Bai ɗago maganar ba, har Tabuk, har Madina.

Rana ta biyar: gida

Mun iso Mansur bayan la'asar, gida cike. Hajiya ta tambayi hanya. Baba ya ce mota ta so ta tafi da shi rami, Sule ya dira ya tare ta da jikinsa. Aka yi ta sa mini albarka. Hajiya ta turo mini cinyar kaza, na bar ta a kwano.

Da na miƙa masa makulli a zaure, ya riƙe wuyan hannuna, ya yi ƙasa da murya.

"Ban ga fitarka ba. Sanyin da ya shigo ne ya gaya mini. Gobe ƙarfe takwas asibiti, kai za ka kai ni."

Ya mayar mini da makullin.

Na gode wa Allah da ya dawo da mu. Na gode wa makiyayin da ban tambayi sunansa ba. Ku da ke gida, in labarin ya iso muku yadda Baba ya faɗa, ga yadda aka yi: ban tare mota ba. Ƙofa na buɗe.