Katangar da ke Cikin Fastin Merle

Mutum goma sha tara ne a garin, idan an haɗa da Clarrie Pengilly, wanda wasu ke cewa a ƙirga shi rabi, tunda rabin yininsa a ƙarƙashin ƙasa yake yi. Tagullar da ta tara kakanni a kan wannan tudu ta ƙare tun ba a haifi kowa ba. Abin da ya rage shi ne jajayen duwatsu, tumaki masu kiwon ƙaya, tsohon ramin haƙa da Clarrie ke zagayawa da baƙi, sai kuma fastin Merle Trewin.

Fasti abincin masu haƙa ne. Kwaɓin fulawa ake naɗewa, nama da dankali a gefe guda, tuffa da sukari a ɗayan, a tsakani a tsayar da 'yar katanga ta kwaɓi. Duk sirrin yana wurin katangar nan. Kakar Merle ta koya wa uwarta, uwar ta koya mata, bisa sharaɗin ba a nuna wa wanda ba ɗan gidan Trewin ba. 'Yar Merle guda ce, tana can birnin Adelaide, ita kuwa ko ƙwai za ta dafa sai ta bugo waya ta yi tambaya.

Shekara arba'in da shida Merle na wannan aiki. Motar baƙi ba don rami kawai take hawo wannan doguwar hanya ba. In babu fasti, leƙawa za su yi su wuce, mai shago da mai masauki su bi su da ido.

Wata Asabar, wani baƙo ya gatsa gefen zaƙi, ya tauna, ya dubi fastin.

"Tuffa da albasa," in ji shi cikin ladabi. "Ban taɓa cin irinsa ba."

Merle ta karɓa ta yanka. Katanga ta rushe, romo ya malale cikin tuffa. Ta dubi yatsunta da sanyin ƙashi ya lanƙwasa, ta koma kicin.

Da motar ta tashi, Clarrie ya leƙo da fitilar rami a goshinsa.

"Tsohuwa, an ce kin yi ambaliya."

"Fita min daga kicin, ɓeran rami."

"Sati uku ke nan fa muna cin sa haka."

Ta juyo. "Ku wa?"

"Mu duka. Mai shago har cewa ya yi ya fara sabawa."

Wannan ta fi maganar baƙon ciwo. Mutum goma sha takwas sun haɗa baki suna haɗiye tuffa da albasa don kada ta ji kunya. Ta zauna a kan buhun fulawa.

Clarrie ya miƙo hannuwansa, manya kamar shebur. "Shekara talatin ina yi wa tumaki aski da waɗannan, ban taɓa yanke kunne ba. Nuna min."

"Kai ba Trewin ba ne."

"To ki aure ni mana, in ɗauki sunan."

"Gara garin ya tashi."

Ta daɗe tana kallon hoton kakarta a bango. Matar ta yi sharaɗin ne lokacin da gida ɗari ke gasar yin fasti. Yanzu wa za a ɓoye wa? Tumaki?

"Wanke hannu," ta ce. "Har gwiwa. Kuma ka cire fitilar nan, ba haƙa za mu yi ba."

Ta nuna masa yadda ake tsoma babban yatsa a ruwan sanyi, a danne gindin katangar, sannan in an rufe a tsunkulo kanta ta waje har ta kama murfin. Na farko ya fashe. Na huɗu ya fito kamar takalmin da mota ta taka.

Merle ta sa wuƙa a tsakiyarsa. Nama na gefensa, tuffa na gefenta, ko ɗigo bai tsallaka ba.

"Muni kam ya yi muni," ta ce.

"Ya ɗauko mai shi," in ji Clarrie.

Da yamma ta gutsuri gefen ɓawon fastin ta taka zuwa bakin rami. Masu haƙa na dā sukan jefa wannan ɓawon ciki, rabon matattun da ke ƙarƙashin ƙasa. Ta jefa, ta saurara har ta daina jin ƙararsa.

"Kaka, ɗanɗana ki ji," ta ce. "Na Pengilly ne, amma katangar ta tsaya."