Ranar da Sabuwa ta sa ubanta a fim

Ƙanena Auta bai taɓa zama a kujera har ta yi ɗumi ba. Ni na goye shi, don haka ba mai ba ni labarinsa. Tun yana rarrafe, in ka ajiye shi a tsakar ɗaki, kafin ka juya yana bakin ƙofa. Da ya girma, ƙafar ta girma tare da shi. Ya yi gyaran rediyo ya bari. Ya tuƙa motar wani kamfani, ya ce zaman mota na sa masa ciwon baya. Ya buɗe shagon sayar da wayoyi, ya rufe tun fentin bai gama bushewa ba. Abin da ya ɗan riƙe shi kawai shi ne ɗaukar bidiyo a wuraren taro, shi ma don a tsaye ake yin sa, ana zagayawa.

Matarsa ta gaji da ɗaure kaya da kwancewa, suka rabu, ta yi wani auren can nesa. 'Yar da suka haifa ta zauna a hannunsa, duk inda ƙafarsa ta yi ƙaiƙayi da ita yake tafiya. Akwatinta cike yake da kayan makaranta kala-kala, babu wanda ya tsufa a jikinta. Duk makarantar da ta shiga Sabuwa ake ce mata, domin kafin a riƙe sunanta na gaskiya sun ƙara gaba. Har mu 'yan gida sunan ya kama bakinmu.

Bara suka sauka a garinmu, ya kama ɗaki kusa da ni. Ni ce mai kula da ɗakin karatu a wata makarantar sakandare, na yi cuku-cuku aka ɗauki yarinyar a ajin kusa da na ƙarshe. Da an fita hutun tara sai ta shigo wurina, ta buɗe littafi ta tasa a gaba, shafin ba ya juyawa. Ba karatu ya kawo ta ba, ba ta da wanda za ta zauna da shi ne. Na tambaye ta me ya hana ta yin ƙawaye, ta ce, "Gwaggo, wahalar banza ce, tafiya za mu yi." Wallahi ranar da Auta na kusa da na shaƙe shi.

A lokacin makarantar tamu ba lafiya. 'Yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo ba sa ga-maciji. Waɗannan su ce an raina su, waɗancan su ce ana sace musu kujeru. Shugabar makaranta ta haɗa musu wasan ƙwallo, aka tashi da fasasshen kai. Ta haɗa muhawara, ta koma zage-zage. Ni da shegen bakina na ce ai ina da ƙane da ya iya harkar fim, a ba shi su ranar Asabar ya koya musu, ko aiki tare zai sa su saba. Ina rufe baki na fara da-na-sani, don na san wanda na tsaya wa.

Ga mamakina, abin ya karɓe shi. Yara ba sa son mai zama, shi kuma bai iya zama ba. Ya zo da tsohuwar kyamararsa da kwamfuta mai tsagaggen gilashi. Ya ɗaure makirfo a sandar goge ƙasa, ya liƙa farar takarda a jikin kwali ya ce da shi za a riƙa turo haske. Bai yi musu wa'azin zaman lafiya ba ko sau ɗaya. Abin da ya yi, ya ba wani ɗan kwana kyamara ya ce ya ɗauki mai tahowa, shi yana tafiya da baya, sannan ya kira ɗan jeka-ka-dawon da yaron ya fi tsana ya ce ya riƙe masa riga ta baya, ya zama idonsa, kada ya faɗa kwata. In kyamara ta faɗi, su biyun ne za su amsa. Ka ga ƙato yana ja da baya yana zufa, abokin gabansa na raɗa masa hagu, dama, akwai dutse. Kafin wata ya ƙare, masu riƙe wa juna riga sun fara cin abinci a kwano ɗaya.

Sabuwa kuwa ashe duk yawon nan ba a banza ta yi shi ba. Ta san inda ake tsayar da kyamara, ta san lokacin da rana ta yi wa fuska yawa. Da farko a bayan kowa take tsayawa, sai in an rasa yadda za a yi ta faɗi kalma ɗaya a hankali. Yaran da kansu suka ce ita ce darakta. Wata 'yar kwana da ake kira Doguwa, mai riƙe sandar makirfo, ta maƙale mata. Wani yaro da suke ce wa Injiniya, don ba wayar da ba ya iya haɗawa, ya riƙa tsokanarta har ta koyi ramawa. Ta daina zuwa wurina lokacin tara. Na ji daɗin rashin ganinta fiye da yadda zan iya faɗa.

Sai alamun suka fara, kuma na san su sarai. Auta ya fara kushe ruwan garin, wai yana sa masa ƙaiƙayi. Ya fara fita waje amsa waya. Yana magana da kai yana kaɗa makullai, idonsa na kan titi. Na tsare shi a bakin shagon mai wanki na ce ya faɗa mini gaskiya. Ya ce wani tsohon abokinsa ya buɗe wurin ɗaukar hoto a wani gari, yana nemansa ƙarshen wata, dama ce da ba ta dawowa. Na ce masa duk damarsa haka take, ba ta dawowa, shi ma ba ya dawowa. Na tuna masa yarinyar ta samu mutane karo na farko a rayuwarta. Ya ce ai yara ko'ina akwai su, kuma 'yarsa ba ta kwana inda ba ya nan. Na zage shi tas, mai wanki na guga yana yi kamar bai ji ba. Ya roƙe ni kada in gaya mata tukuna, kamar ita ba ta da ido.

A makon ne yaran za su ɗauki fim ɗinsu na ƙarshen zango. Su suka tsara labarin, kuma suna buƙatar babban mutum ya fito a matsayin uba. Sabuwa ta ce Malam Kyamara zai yi, haka suke kiransa. Ya yi dariya ya ce shi a bayan kyamara aka san shi, amma yara suka yi masa caa har ya yarda.

Suka mayar da sitona na tsofaffin littattafai ɗakin kwana: katifa a ƙasa, akwati, labule da zanen gadona. Ina tsaye a bakin ƙofa ina gadin kayana. Sabuwa ta yi masa bayani cewa ita ce 'yar, tana zaune tana aikin gida, shi kuma zai shigo ya ce ta haɗa kayanta, gobe za su bar garin. Na ga makullan hannunsa sun tsaya.

Ya shigo ya faɗa da fara'a, kamar mai albishir. Ta tsayar da ɗauka, ta ce ba haka ba. Ya sake, wannan karon da faɗa. Ta ce ba haka ba ne.

"Baba, ba ka kallona in za ka faɗa. Bango kake kallo. Kuma sai ka fara tambaya ko na ci abinci."

Injiniya da ke riƙe da kyamara ya ɗago ya dube ni, na harare shi ya mayar da ido kan aikinsa. Auta ya fita ya sake shigowa. Ta gyara masa tsayuwa, ta ce ya bar takalminsa a ƙafa, don ranar irin wannan magana ba ya cirewa. Ya yi ta shiga yana fita, gumi na tsattsafo masa, mutumin da bai taɓa maimaita abu ɗaya sau biyu da son ransa ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa bai sake ni ba.

A ƙarshe ya yi shi daidai. Ya shigo da takalmi, ya tambayi ko ta ci abinci, ya dubi bango, ya ce ta haɗa kayanta. Haka nake jin labarinsa shekara da shekaru, ban taɓa gani da idona ba. A tsarin labarin, yarinyar za ta tashi ta jawo akwati ba tare da ta ce komai ba. Sabuwa ba ta tashi ba.

"Ba zan je ba, Baba."

Ya juya ya dubi Injiniya, ya yi masa alama da hannu ya kashe. Yaron bai kashe ba. Darakta ce kaɗai ke tsayar da ɗauka, kuma darakta na zaune a kan katifa tana jiran amsa. Sandar Doguwa na nan saman kansu. Mai riƙe da kwalin haske hawaye yake yi, bai sauke ba. Auta ya dubi ƙofa, ni ce a tsaye a wurin, kuma ban matsa ba.

Ya daɗe a tsaye wuri ɗaya. Sannan ya juyo gare ni.

"Yaya, akwai wuri a ɗakinki?"

Na ce akwai. Sai a lokacin Sabuwa ta ce a tsaya.

Ƙarshen wata ya tafi. Ban yi zaton zai fasa ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Ya bar wa yaran kyamarar, ya kawo akwatinta da kansa ya ajiye a bayan ƙofata, ya tsaya yana ta ba ni umarnin abin da take ci da wanda ba ta ci, har na kore shi kada mota ta tafi ta bar shi. Yarinyar ta shige ɗaki ta yi kuka kamar ranta zai fita, ta ƙi abinci, ta ce ita ta kori ubanta. Na zauna a gefenta ina shafa bayanta.

Ranar Asabar da safe tana kwance ta juya wa duniya baya, aka buga ƙofa. Na buɗe, sai ga Doguwa da Injiniya da wasu, 'yan kwana da 'yan jeka-ka-dawo a cakuɗe, da sandar makirfo a kafaɗa. Suka gaishe ni, suka tambaya ko tana nan, kuma da sunanta na gaskiya suka tambaya. Na waiwaya in kira ta, na tarar har ta tashi tana neman takalminta.