Nata'ala a Bakin Zaure

Duk wanda ya taɓa shiga mota a tashar Yankara ya san Malam Nata'ala, ko da bai san sunansa ba. Shi ne ɗan kamashon nan siriri mai hula a karkace, wanda kafin ka gama cewa Funtuwa za ka, ya riga ya karɓe maka buhu ya cusa a but. Shekara ashirin da wani abu yana tashar nan, ba wanda zai ce ya taɓa ganinsa zaune. Ko shayi a tsaye yake sha, ƙafa ɗaya na rawa.

Abu na biyu da aka san shi da shi, dubiya. Yi zazzaɓin kwana biyu ka gani, sai ga Nata'ala da lemo a leda. Ya je Tafoki dubiya, ya je Ƙanƙara, ya taɓa hawa babur har Sabuwa da damina saboda wani direba da ya karye. Matarsa Khairiyya takan ce, "Malam, kai ko akuyar mutum ce ta yi tari sai ka je gaisuwa."

To, sai ciwo ya shigo gidansa. Wani ƙullutu ne ya fito wa Khairiyya a mama, aka yi ta yawon asibiti har Zariya, aka ce ciwon daji ne. Aka yi mata aiki, sannan aka ce za a riƙa ɗaura mata ruwan magani mai ƙarfi, wanda ake kira kemo, sau shida, duk bayan sati uku. Wata nas ta ja Nata'ala gefe ta yi masa bayani. Maganin nan yana kashe ciwon, amma yana kayar da sojojin jiki tare da shi. Murar da wani zai yi yawo da ita, ita Khairiyya tana iya kwantar da ita. In kuwa ta yi zazzaɓi, sai a ɗage zuwa na gaba, ɗagewar kuma ciwon take ba hutu. "Ba taro a ɗakinta," in ji nas. "Mai tari ko mai mura, ko wace ce, ta tsaya waje."

Nata'ala ya ce to. Amma da suka dawo gida bayan an ɗaura na farko, mata suka fara sallama, bakinsa ya kasa. Ta ina mutumin da ya zauna a tabarmar kowa zai ce kar a shiga tasa? Ɗaki ya cika, masu goyo da masu majina, ana ta sannu, ana taɓa mata goshi. Kwana tara sai zazzaɓi. Aka koma da ita a guje, ta yi kwana biyar a gadon asibiti, zuwa na biyu ya ɗagu. Likita bai yi faɗa ba, tambaya kawai ya yi: mutum nawa suka shiga ɗakin? Nata'ala ya fara ƙirge da yatsu, yatsun suka ƙare.

Ranar da suka dawo ya bar wa abokin aikinsa tasha, ya jawo benci ya gitta a ƙofar zaure. Ba wai ya zauna a kai ba. Kewaya shi yake yi, ya leƙa titi, ya leƙa cikin gida, ya dawo. Mai dubiya na zuwa zai tare ta da fara'a, ya karɓi kwano, ya ruga ciki, ya fito yana haki: "Ta ce tana amsawa, ta gode." Gari ya ɗauka. Wasu suka ce ɓoye ta yake don gashinta ya zube. Wasu suka daina amsa gaisuwarsa a masallaci. Ita kanta Khairiyya, da take jiyo muryoyin ƙawayenta suna juyawa, ta ce, "Malam, ka mai da ni fursuna. Ni da ciwo, kai da gadi."

"Saura zuwa biyar," in ji shi. Daga baya saura huɗu, saura uku. A haka har aka yi na biyar lafiya.

Kwana huɗu bayan na biyar, sai ga Gwaggo Bilki daga Sabuwa, ƙanwar mahaifin Khairiyya, wadda ta goye ta tun tana jaririya. Ta sha hanya, zaninta duk jar ƙasa, ga kaza a hammata, ga zuma a gwangwani. Tun daga nesa Nata'ala ya ji tarinta. Suruka ce, ba ya iya haɗa ido da ita. Sai ya durƙusa a tsakiyar ƙofa, ya sunkuyar da kai, ya shiga gaisuwa. Ya gaishe ta da hanya, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan damina, ya sake dawowa kan hanya.

"Kai ɗan nan, gaisuwar ta isa. Matsa in wuce."

"Gwaggo, a yi haƙuri. Likita ne ya ce..."

"Likita shi ya goya ta? Mi kake nufi, ni ce zan kashe ɗiyata?"

"Tarin ne, Gwaggo."

Bai matsa ba. Gumi na ɗiga daga haɓarsa. Gwaggo ta dire masa kazar a gaba, ta shige gidan maƙwabta. Ta rantse ba za ta koma Sabuwa ba, ba kuma za ta ƙara yi masa magana ba. Kullum da safe dai takan aiko wa ɗiyarta kunun tsamiya daga gidan. Khairiyya ta sha kuka, ta kwana biyu tana fushi da mijinta, amma kunun tana shanye shi tas.

Saura kwana uku a tafi na shida, Nata'ala ya yi atishawa. Ya tsaya cak. Ya sake yi. Watanni yana tare tarin gari a bakin ƙofa, ga shi ya samu rabonsa. Ya kwashe tabarmarsa ya koma zaure, yana magana da matarsa ta kan katanga. To wa zai kai ta Zariya? Wa zai riƙe ta in amai ya taso a mota? Ya kewaya bencin nan ya fi sau hamsin, sannan ya nufi gidan maƙwabta ya durƙusa.

Tarin Gwaggo ya warke tuni. Ta dube shi, ta dubi hancinsa.

"Tsaya nan! Kar ka matso. Likita ya ce."

"Gwaggo, ke kaɗai gare ni."

"Yanzu ka san da ni? Tashi ka nemo mana gidan gaba a mota, kuma ba na son direba mai gudu."

Ranar tafiya ya sa takunkumin fuska, ya tsaya can nesa yana ba da umarni da hannu, a buɗe gilas, kar a haɗa su da kowa a gaba. Motar ta tashi. Ya yini yana zagaya tasha da waya a hannu, ya loda fasinjan Gusau a motar Funtuwa, aka yi ta masifa. Sai bayan azahar wayar ta yi ƙara. Gwaggo ce. An gwada jini, ya isa, an ɗaura ruwan.

Washegari da la'asar, bayan sun iso gida, Nata'ala ya dawo daga tasha da lemo a leda. Gwaggo Bilki na zaune daram a kan bencinsa, ta miƙe ƙafa ta tare ƙofa. Ya durƙusa daga nesa ya ajiye ledar.

"Gwaggo, a ce mata ina dubiya."

Ko motsawa ba ta yi ba. "Ta ce tana amsawa."

Daga can cikin gida aka jiyo dariyar Khairiyya, siririya, tana yi tana hutawa.