Baba Shitu, wanda ya saɓa wa takarda

Da an sallame sallar asuba, Baba Shitu Badafi zai jingine kekensa a gindin tsamiyar da ke ƙofar wani ƙaramin asibiti a kan hanyar Tiga, ya ja tiyo ya fara ban ruwa. Dashen da bai kama ba shi ne na farko, sannan shingen lalle, sannan shara. Shekara talatin da huɗu ke nan yana haka, kuma ƙarshen watan nan zai ajiye aiki.

Ranar da aka ɗauke shi, an damƙa masa zanen lambu da wani kamfani ya yi daga birni: ciyawa shimfiɗe, furanni layi-layi, miƙaƙƙun hanyoyi, bencina a tsakar fili. Ya bi zanen shekara guda cur. Awaki suka yi walima da furannin, bencinan suka gasu a rana ba mai zama, mutane kuma suka riƙa ratsa ciyawa abinsu. Masu jinya suna takure a inuwar katanga, in ta matsa su matsa. Sai ya naɗe takardar ya sa a ƙasan akwati, bai gaya wa kowa ba.

Sista Barakatu, wadda ta fi kowa daɗewa a ɗakin haihuwa, ta ce damina guda ya yi yana kallon ƙafafun mutane kawai. Inda sawu ya kashe ciyawa, nan ya zuba tsakuwa ya mai da shi hanya. Ya dasa darbejiya inda inuwarta za ta rufe layin karɓar magani da azahar. Matan rugagen Burumburum ba sa son zama a idon maza, sai ya kewaye musu yammacin tsamiya da lalle, ya baje ƙasa yadda za a shimfiɗa tabarma. Layin mangwaronsa kuwa, duk baƙon da ya tsaya a jikinsa ya fuskanci alƙibla.

Duk da haka, a ransa mai laifi ne. Gani yake wata rana za a zo da takarda a ce a mayar da komai yadda aka zana, a sare bishiyoyinsa.

Bara takardar ta zo. Dakta Juwairiyya, malamar jami'a daga Kano da ke rubuta littafi kan tarihin lambuna da waɗanda suka tsara su, ta tono kwafin zanen a tsofaffin fayil, ta zo ta gani da idonta. Ta zagaya sau biyu, tana duban takarda tana duban ƙasa. Baba Shitu na biye da ita.

"Baba, sannu da aiki. Wannan ai ba shi ne a takarda ba. Wa ya canza?"

"Ranki ya daɗe, ni ne. Ba da umarnin kowa ba. In akwai hukunci a yi mini, amma don Allah a bar tsamiyar nan. Mata na zama."

Ta ninke zanen ta sa a jaka. "Baba, mai wannan zanen ko sau ɗaya bai taka garin nan ba. Ni wanda ya tsara lambun nan nake nema, kuma na same shi. Me kake so in rubuta a kanka?"

Ya daɗe yana sosa ƙeya. "Ki rubuta kada a sassabe reshen yamma na tsamiyar nan, shi ke yi wa mata inuwa. Wanda zai gaje ni ba lalle ya sani ba."

Littafin ya fito. Sunansa na ciki, tsakanin sunayen manyan masana, shi kuwa shafin da aka yi maganar reshen kawai ya sa a karanta masa, har sau biyu.

Baba Shitu, kai ne ka tambayi ƙafar talaka kafin ka yi masa hanya. Kai ne mai inuwar da dubban mutane suka jira labarin haihuwa ko na rasuwa a ƙarƙashinta, ba su ko san sunanka ba. Mun gode, Allah Ya saka da alheri, Ya sa ka huta lafiya.

Duk wanda aka miƙa wa zane, na lambu ne ko na makaranta ko na kasuwa, ya fara tsayawa ya ga inda mutane ke zama. Wanda kuma zai karɓi tiyon nan a wata mai kamawa, ya taɓa ko'ina in ya ga dama, amma ban da reshen yamma.