Mutumin da Itatuwansa Suka Koyi Tafiya

Ni dai tun ina yaro ba ni da gindin zama. Boko aji biyu na yi a Kaya, malam ya gaji da nemana a kasuwar shanu, ni ma na gaji da shi, muka rabu lafiya. Wuri ɗaya tak ke iya riƙe ni, gaban wutar kakata Tumba, lokacin sanyi, bayan an ci tuwo. Akwai wani mangwaro a tsakar gidanta da ta shuka da hannunta. Kusa da shi take hura wuta da karan dawa, mu jikoki mu kewaye ta. Ko a nan ɗin sai na sauya wuri sau uku, in ce nan hayaƙi, can sanyi, can kuma ƙafar wani.

"Angona, mi ka cizon ka, cinnaka? Zamna wuri guda."

"Tsohuwa, wutarki ce ba ta iya zama ba."

Sai ta ja zanenta ta rufe ƙafa, ta ce ga wata tatsuniya nan ta taso, a ba ta wuri. Mu ce ta iso.

Wai wani attajiri ne ya samu fili mai faɗi, ya ce zai yi lambun da ba a taɓa gani ba. Tsofaffi suka ce masa sabon fili ba a dasa masa itace sai an zauna masa damina guda, a ga inda ruwa ke bi, inda yake kwana, da inda rana ke ƙuna. Ya ce shi ba ya da daminar zubarwa. Ya dasa lemu a kwari, ruwa ya kwanta musu, ya tumɓuke ya kai tudu. A tudu suka yi yaushi, ya mai da su tsakiya. Ya gina rumfa, ya ga inuwar mangwaro ba ta kai gare ta ba, ya sa aka ciro mangwaron aka kawo.

"To, itatuwa sunka ce, tunda yawo shika so, ai mun koya," in ji Tumba. "Ran nan yat tashi da sahe, sai ramu. Sun kwashe saiwoyinsu sun tahi gonar wata makauniya, wadda ba ta ganin su balle ta ce ba su zamna daidai ba."

Na ce, "Me ya hana shi bin su ya kamo su?"

"Kai dai ka bi su, kai da ka iya tahiya."

Na kuwa yi tafiyar. Ƙuruciyata duk a bayan shanu ta ƙare, yau Mafara, gobe Bakura, jibi cikin mota zuwa Kudu. Da gwiwa ta ƙi, na sayi fili a hanyar Morai, na ce lambu zan yi in huta. Maƙwabcina, wani dattijo, ya faɗa mini zancen nan na damina guda, kamar Tumba ce ta aiko shi. Na yi masa godiya, washegari na kawo ma'aikata. Muka kafa shingen dashi, muka haƙa rijiya, muka ja fangali, muka zuba tsakuwa a hanyoyi, muka yi rumfa. Ruwan farko ya kwashe tsakuwar ya kai wa dattijon kyauta. Gwaiba na sauya mata wuri sau biyu, lemu sau uku. Nawa ba su gudu ba, a tsaye suka bushe.

Abin da ya rage mini mangwaro ɗaya ne, daga ƙwallon na gidan Tumba. Uwar bishiyar ta faɗi bara waccan, babu inda za a samo wani. Shi ma na taɓa ciro shi sau ɗaya, ya zubar da ganye, da ƙyar ya farfaɗo.

Kwanan baya ina zaune a rumfa da la'asar, rana na dukan ƙeyata, sai na ga in mangwaron ya matsa taku biyar kawai, nan gaba inuwarsa a kaina za ta sauka. Ban san lokacin da na ɗauki dagi ba. Ina tsaye a kansa matata Balki ta shigo da kwanon fura.

"Malam, ina kuma za ka kai shi? Ko shi ma Bakura zai ci kasuwa?"

"Taku biyar ne fa."

"Wanga karon in ka taɓa shi ba ya tashi. Tumba ko ba ta bar maka wani ba."

Na daɗe riƙe da dagin, hannuna na ƙaiƙayi. Da ina yaro na ɗauka tsohuwar tana ba mu dariya ne da itatuwa masu ƙafa. Sai da furfura ta cika mini haɓa na gane ƙafafun da take nufi, su ne waɗanda ke ta kewaya wutarta.

Ban warke ba, kada in yi muku ƙarya. Dagin dai na yi aiki da shi ran nan, amma shikashikan rumfa na tone. Tun daga lokacin na sake sauya mata wuri sau biyu, Balki har ta daina magana. Rumfa ba ta da saiwa. Mangwaron kuwa yana nan inda yake, jiya na ga ya fitar da jan toho.