Iskar da na ce a bar ta a tayar baya

Yayana ne ya fara kawo wasan gidanmu a Tasawa, cikin wayarsa. Tseren motoci ne a miƙaƙƙen titi, mita ɗari huɗu kawai, babu kwana. Duk wanda ya riga isa ya ci. Amma kafin tseren sai ka shiga garejin wasan ka gyara motarka, kuma komai da Faransanci aka rubuta. Shi firamare ya tsaya, ni na yi koleji, don haka gyaran ya dawo hannuna.

Na iya sosai. Na gane cewa in aka gajarta bitesi na farko, wato giyar tashi, motar tana zabura amma tayoyi su yi ta juyawa a banza, in aka tsawaita shi kuma ta tashi a sanyaye. Babban abin da na gano shi ne iskar tayar baya. In ka rage ta, tayar sai ta baje, ta kama ƙasa, motar ta fita kamar an harbo ta. Da wannan muka riƙa cin abokansa. Yakan ce musu ƙanwarsa ta fi makanikan tasha, ni kuwa kaina ya yi ta girma.

Aikinsa na gaske tuƙin motar wani maƙwabcinmu ne, dattijo mai fataucin wake. Da aikin nan yake ciyar da mu tun da ƙafar Baba ta hana shi noma. Direbobin hanyar Urafane suna da al'ada: in za su shiga yashi sai su sace iskar tayoyi don kada mota ta kafe, in sun fito kwalta su tsaya wurin mai faci a mayar.

Ranar da abin ya faru na bi shi kasuwar Urafane gaida gwaggonmu. Muka dawo da buhunan wake cike da bayan mota, rana tsaka. Za mu wuce da kayan zuwa wani gari a kan hanyar Maradi. A bakin kwalta muka tarar da abokinsa, shi ma da lodi, yana ta yi masa ba'a wai motar tsoho ba ta gudu. Yayana ya rage gudu zai ratse wurin mai faci a mayar da iskar taya, sai ya dube ni yana dariya, ya tambaye ni me injiniya ta gani.

Na ce, "Bar ta haka, Yaya. Mai laushi ta fi kama ƙasa."

Bai ratse ba, suka shiga tsere, mun kuwa riga abokin tashi. Abin da ban sani ba, a wasa taya ba ta ɗaukar buhu, ba ta kuma daɗewa a kan kwalta mai zafi. Mun yi nisa sai na ji ƙara kamar bindiga. Motar ta yi ta lilo, ta sauka titi, ta kwanta a gonar wani. Ban ji ciwon kirki ba, shi kuma ya goce a kafaɗa. Har yau in aka buga ƙofa da ƙarfi sai in tuna ƙarar nan, kuma ban sake shiga gaban mota ba.

Yayana ya gaya wa mai motar cewa tayar ce ta tsufa. Ya roƙe ni in yi shiru, don in dattijon ya ji an yi tsere da lodinsa, aikin ya tafi. Bayan kwana uku dattijon ya zo gida duba mu. Ya zauna kan tabarma kusa da Baba, ya tambayi jikina, sannan ya ce da hannunsa ya sayi tayar nan, sabuwa ce.

"Ɗiyata, kin ga ya tsaya wurin mai faci?"

Na ce bai tsaya ba, kuma ni na hana shi. Na faɗi maganar wasan duka, har da abokin da tseren. Yayana yana bakin ƙofa, yana jin komai.

Dattijon ya juya ya dubi yayana. Ya ce yarinya ba ta riƙe sitiyari ba, wanda ya riƙe shi ne ya san nauyin da ke bayansa. Ya yi wa Baba sallama. Da aka gyara motar, wani direba daban ya ba.

Yanzu yayana kabu-kabu yake yi da babur ɗin wani a Gidan Amumune, sai ƙarshen wata yake zuwa. In ya zo na gaishe shi yakan amsa, ya tambayi lafiyata, daga nan ya wuce wurin Baba.