Ungulu a Zankon Ɗakin Inna

Lokacin da muke yara ungulu ba abar kallo ba ce a unguwarmu. Gidanmu yana cikin lungunan Jakara, bayan kasuwa, kuma duk safiyar Allah za ka gan su jere a kan katangar mahauta suna jiran rabonsu. Mu jefe su, su ɗan matsa, su dawo. Ba wanda ya taɓa ce mana ganinsu yana nufin wani abu. Sai da suka fara ƙaranci, ana shafe wata ba a ga ko ɗaya ba, sannan mutane suka tuno da zancen kakanni, wai in ungulu ta sauka a kan ɗakin da majinyaci yake ciki, gawa ta hango.

A shekarar da abin ya faru ina koyarwa a wata sakandare, ina zaune da iyalina can wajen Ƙofar Dawanau. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Inna tana tsohon gidanmu na ƙasa, ƙanwata kuma ta baro ɗakin mijinta ta dawo jinyarta. Ni ne ɗan farin Inna, don haka ba ta faɗin sunana. In tana cikin raha ta ce da ni Malam, in ranta a ɓace yake ta ce "kai". Mutane suna cewa zuciyata irin tata ce, kuma ba su yi ƙarya ba: in muka kafe a kan abu, ko ni ko ita, sai dai a haƙura.

Ciwon ciki ne ya kwantar da ita. Bayan an yi ta gwaje-gwaje likita ya ja ni gefe ya gaya mini ba ɓoye-ɓoye cewa ƙari ne, yana girma, kuma in ba a cire shi da wuri ba zai kai inda ba a iya taɓawa. Na sha zirga-zirga kafin a ba mu ranar tiyata, don layin masu jira ba kaɗan ba ne. Da ƙyar da jiɓin goshi aka sa mana wata Talata, makonni kaɗan bayan Babbar Sallah, damina ta fara kankama. Inna ta yarda. Har ta sa ƙanwata ta wanke mata zannuwan da za ta tafi da su.

Ranar Alhamis, saura kwana biyar Talatar ta zo, ina makaranta ƙanwata ta kira ni a waya. Wai ungulu ta sauka a kan zankon ɗakin Inna, wato tsinin nan da ake yi a kusurwar soro. Wata dattijuwa maƙwabciyarmu, Hajiya, ita ta fara hangowa daga tsakar gidanta, kuma maimakon ta yi shiru sai ta shigo tana salati tana tafa hannu. Inna ta dafa bango ta fito, ta ɗaga kai ta dubi tsuntsuwar, ta koma ɗaki. Da ta zauna sai ta ce a mayar da zannuwan nan cikin adaka, ba inda za ta.

Na iso gidan raina a dagule. Ungulun tana nan abinta, ta dunƙule wuya, ko a jikinta. Na shiga ɗaki na fara wa'azi tun kafin in gama gaisuwa. Na ce wannan camfi ne, addini ya hana, tsuntsu bai san gaibu ba, kuma ita da ta yi karatu a gaban mahaifinta bai kamata in tuna mata ba. Ta bar ni na yi ta zuba har na gaji, sannan ta ce:

"Ni ban ce ungulu ke kashewa ba, Malam. Amma ba ta jewar banza. In lokacin ya yi, a ɗakina nake so ya same ni, ba a kan gadon da ban san wanda ya cika a kansa jiya ba."

A tsakar gida ƙanwata ta tare ni. Ta ce in ari tsani in hau in ga abin da ungulun take nema a saman, ƙila akwai mushen wani abu. Magana ce ta hankali, kuma ko a lokacin na san ta hankali ce. Amma a cikin birni ba a hawa soro haka kawai. Gidaje a manne suke, in ka hau namu kana ganin tsakar gida huɗu, don haka dole namiji ya tsaya ya ɗaga murya ya sanar za a hau sama, matan maƙwabta su kimtsa ko su shige ɗaki. Ke nan unguwa kaf za ta san malamin makarantar nan, mai cika majalisa da zancen yaƙi da camfi, ya hau soro korar ungulu. Na ce da ita ba zan hau ba. Na ce in na hau na gaskata su ke nan. Ta dube ni kawai, ta koma wajen tukunyarta.

Maimakon tsani sai na ɗauko limamin unguwa. Dattijo ne mai sanyin magana, ya zauna a bakin ƙofa, Inna tana bayan labule, ya yi mata nasiha a kan tawakkali da neman magani. Ta saurara, ta yi godiya, ta sa aka ba shi goro, amma ba ta sauya ba. Da na rako shi zaure ya tsaya yana gyara takalmi, ya ce da na sa an duba saman nan da ya fi, don tsuntsu ci yake bi. Na ce to, Allah gafarta Malam. Na bar maganar nan a zaure.

Kullum da hantsi ungulun sai ta zo, ta yi zamanta, ta ɓace bayan zankon, ta sake fitowa. Inna kuma ta fara sallamar duniya a gabanmu. Ta sa aka sauko da kwanukan jerenta ta rarraba wa jikoki. Ta aika wa wata 'yar'uwarta da suka shekara biyar ba sa magana a Yakasai, a ce tana neman gafara. Abinci kuwa sai ta kurɓi kunu sau biyu ta ture. Ni ina ta kawo hujja a kan hujja, kamar ina gaban aji. Wallahi har takarda na rubuta, na jera dalilai, na karanta mata.

Ranar Talata na zo da mota tun da sassafe, na ajiye ta a bakin lungu don ba ta shiga ciki. Na roƙe ta. Na durƙusa. Da na ga ba ta da niyyar motsi sai zuciya ta ɗebe ni, na faɗi abin da har gobe in na tuna sai na ji kunya ta rufe ni. Na ce in wani abu ya same ta, ita ta jawo wa kanta, kada a ce Allah ne, kada a ce ungulu ce. Ƙanwata ta fashe da kuka. Inna ta juya fuskarta ga bango ta ja mayafi. Na fita na zauna a cikin motar har rana ta take, ina kallon agogo, har lokacin da aka ba mu ya wuce.

Kwana uku bayan nan aka yi ruwa mai ƙarfi, ɗakin Inna ya fara yoyo ta kusurwa, dai-dai ƙarƙashin zankon. Indararo ya toshe, ruwa ya kwanta a saman. To wannan dalili ne da ba mai yi mini dariya a kansa. Na ari tsani a wajen wani magini, na tsaya a tsakar gida na yi kira sau uku, a kimtsa za a hau sama, na jira har na daina jin motsin mata, na hau.

A bakin indararon na same ta. Fatar ragon layyata ce. Washegarin Sallah ni da hannuna na barbaɗa mata gishiri na hau da ita na shanya, na danne da duwatsu, a ranar da kowa ke hawa da sauka ba mai lura da wani. Nufina in ta bushe in kai wa majema su gyara, in yi wa Inna sabon buzun salla, don nata gashin duk ya zube. Sai zirga-zirgar asibiti ta taso, na manta da ita sam. Ruwa ya jiƙa ta, iska ta ja ta zuwa bakin indararo, ta ruɓe, tsutsa ta cika ta, ga wuraren da baki ya yayyaga. Warin bai dame mu a ƙasa ba, don mu mutanen Jakara da damina hancinmu ya riga ya saba da warin kwata.

Na zauna a kan jiƙaƙƙiyar ƙasar soron. Ban san iya lokacin da na ɗauka ba. Daga nan na tura fatar a buhu, na buɗe indararon, na sauko.

Ƙanwata ta fita sayen magani, Inna ce kaɗai a ɗaki. Rabon da mu haɗa ido tun ranar Talata. Na tsuguna a bakin ƙofa na buɗe buhun, na gaya mata komai, ban rage ba. Ta daɗe tana kallon abin. Can sai ta fara dariya, ƙasa-ƙasa, har ciwon ya soke ta ta dafe ciki.

"Ashe baƙuwarka ce," ta ce. "To je ka asibiti ka roƙe su wata ranar. Ka fitar mini da wannan ƙazantar."

Na kai buhun can nesa na jefar. Daga ranar ungulun ba ta sake zuwa ba. Hajiya ta ce ai ta isar da saƙonta ne, me kuma za ta dawo yi.

Na koma asibiti, na bi ofis-ofis ina ba da haƙuri. Ba su yi mana wulaƙanci ba, amma gurbinmu an ba wani, kuma ba za a tashi mai jira a sa mu ba. Sabuwar ranar da aka samu tana bayan mako bakwai. Inna ta koma cin abinci, ta yi ƙoƙari ƙwarai, har tana tsokanata wai in shirya mata buzun kafin ta dawo. Da ranar ta zo da ƙafarta ta taka har bakin lungu, ina riƙe da hannunta. Suka sake ɗaukar hoto, likitan ya kira ni ɗakinsa, ya rufe ƙofa. Ya ce abin ya bazu, buɗe ta yanzu wahalar da ita ne kawai. Na tambaye shi da an yi a ranar farko fa. Ya ce Allah ne masani. Na sake tambaya, ya sake ba ni wannan amsar, bai dube ni ba.

Muka dawo da ita gida. Wata rana da la'asar, jikin ya yi nauyi sosai, ta aiki ƙanwata gidan Hajiya aro turmi, alhali muna da namu. Da ta ji fitarta ta yafito ni. Ta tambaye ni ko na gaya wa wani maganar fatar nan. Na ce a'a.

"To kada ka gaya. Ko 'yar'uwarka. Ita ce ta ce ka hau, in ta sani ba za ta iya mantawa ba, kuma ku biyu kaɗai zan bari. Bar su da ungulunsu. Ita ba ta jin zagi."

Na ce Inna, ai ƙarya za a yi ta yaɗawa. Ta ce ita ba ta ce in yi ƙarya ba, shiru ta ce in yi, in dai na iya. Bayan kwana tara ta rasu.

Na san ajali ba ya jira, ba ya kuma gaggawa. Na faɗa wa wasu haka a gidajen makoki ba adadi, kuma na yi imani da shi. Amma imanin bai hana ni lissafa kwanakin nan takwas ba, daga Alhamis ɗin da ƙanwata ta ce in hau zuwa Juma'ar da na hau, kuma tsanin magini yana jingine gida biyu tsakaninmu. Na riƙe alkawarin Inna shekara da shekaru. Bara ƙanwata ta bi ta, muna zaune lafiya da ita har ƙarshe, ba ta sani ba. Shi ya sa yanzu nake iya rubutawa.

Ranar sadakar ukun Inna na shiga cikin gida gaisa da mata. Tsakar gidan cike, an shimfiɗa tabarmi har bakin rijiya. Hajiya tana tsakiya tana ba baƙin da suka zo daga nesa labarin yadda ita ta fara ganin ungulun, da yadda marigayiya ta gane nan take ta fara shiri, baiwar Allah, mai rabo. Mata suna gyaɗa kai suna jan carbi. Ƙanwata tana gefe, idonta ya kumbura. Da Hajiya ta hango ni sai ta dakata, ba da mugunta ba, har da tausayi a muryarta, ta ce:

"Malam, kai da kake ta musu, yanzu dai ka gani ko?"

Duk suka juyo suna kallona. Na dubi ƙanwata, na sunkuyar da kai.

"Na gani, Hajiya," na ce.